Wa Ya Ɗora Jaririyar Kan Tebur?

Da jaririya a hannu aka kama Mai Batir a bayan tagar ɗakin Malam, gilashi a fashe, jini na bin gwiwar hannunsa. Yarinyar tana tari kamar ranta zai fita. Kafin ya buɗe baki an rufe shi da duka. Da aka ɓalle ƙofar ɗakin kuwa, sai ga tsohon yashe a gindin tebur, wuyansa duk yagar farce, rai ya yi halinsa.

To, me kuma ake jira? Unguwa ta gama shari'a tun kafin motar 'yan sanda ta iso. Mutumin baƙo ne, haya yake a shagon da ke jikin gidan, yana cajin batiran motoci, ba wanda ya san asalinsa. Dama baƙin jininsa na muzuru ne, mai kaza zagi, marar kaza zagi, saboda ƙarar injinsa. Aka ce ɓarawon yara ne, ya shiga ta taga, tsohon ya kama shi, shi kuma ya maƙure shi.

Sufeto ya sa masa ankwa ya kulle shi a mota, don ya tsira da ransa. Amma wani abu ya tsaya wa Sufeton a rai, shi ya sa ya aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu mutum ne da ya tsufa a bin ƙafar ɓarayin shanu da masu fasa shaguna. Ba shi da yawan magana, idonsa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Da ɗan aike ya gaya masa gidan da za shi, sai ya zauna daɓas a bakin ƙofarsa, ya kasa sa takalmi. Malam ne ya koyar da shi kimiyya yana yaro. Mai Sawu ne daƙiƙin ajin, wallahi, har ya gudu daga makaranta bai gama ba, amma Malam bai taɓa ce masa daƙiƙi ba. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsohon, ya ɗauke masa magana da hannun dama da ƙafar dama, Mai Sawu kan je ya zauna kusa da katifarsa su yi shiru tare. Ya yi kuka a hanya, bai kuma ɓoye ba.

"Ka ga abin da ya dame ni," in ji Sufeto. "Ya rantse a kan tebur ya tarar da yarinyar, a jikin taga, hannu kawai ya miƙa. Uwar kuma, Auta 'yar Malam, ta ce a ƙasa ta kwantar da ita, kusa da kakanta. Jaririyar da ko rarrafe ba ta fara ba. In bai shiga ba, wa ya ɗora ta?"

"Uwar tana ina?"

"Asibiti, da yarinyar. Likita ya ce ta shaƙi wani abu. Ka ji kuma mutane na cewa sinadari ya shaƙa mata."

Mai Sawu ya zaga bayan gidan. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, amma masu duka sun tattake wurin kamar garke ya kwana. Ya yi tsaki. Mutane ke nan, su ɓata shaida sannan su ce a nemo musu gaskiya. Sai daf da bango, inda ƙafar taron ba ta kai ba, ya ga abin da yake nema: silifas biyu a jere, yatsu sun nutse, dugadugai a sama. Mutum ne ya yi ɗage ya miƙa jiki ciki. Ya duba bangon daga ƙasa har dakalin tagar. Ba kartar takalmi, ba laka, ba inda gwiwa ta goga.

Ya je motar. Mai Batir na zaune, ido ɗaya a kumbure.

"Me ya kai ka tagar?"

"Kuka, Baba. Kuka da tari, ba ƙaƙƙautawa. Na buga ƙofa, a kulle. Na leƙa na gan ta a kan tebur, shi kuma a ƙasa. Na sa gwiwar hannu na fasa."

"Da ka fasa, me ka ji?"

Mai Sawu ya ƙara matsowa jikin motar.

"Ba ka ji wari ba?"

"Gidan kullum warin bilic yake, Baba. Kowa ya san tsaftar Auta."

"Yau ta shigo shagonka?"

"Ba ta zo ba."

Ya faɗa da sauri, saurin da ya yi yawa. Mai Sawu ya kalle shi ya ƙyale. Ya riga ya ga sawun takalmin mace, ƙarami, ya shiga shagon bayan ruwa ya fito, kuma a fitowar ƙafar tana taku a hankali, irin na mai riƙe da abin da ba ya son ya zube. Mutum yana bakin mutuwa yana ƙarya, kuma ba don kansa ba. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

A tsakar gida ƙanen Malam, wanda kowa ke kira Baffa, shi ke ta kumfar baki, yana dukan ƙasa da sandarsa yana cewa a ba su mutumin nan. Shi da wansa sun shekara da shekaru ba sa ga maciji, kowa ya sani. Mai Sawu ya ja shi gefe.

"Baffa, yaushe rabonka da gidan nan?"

"Ni? Sai da na ji ihu na zo."

"Sandarka ba ta ce haka ba. Ga ramukanta can, sun shiga ɗakin ƙasa tana da danshi sosai, sawun taro kuma ya hau kansu."

Baffa ya yi kamar an watsa masa ruwan sanyi. Mai Sawu har ya fara zargi a ransa, don ya sha ganin mai laifi ya fi kowa ihun a kama ɓarawo. Sai tsohon ya sauke sandarsa.

"Na zo," in ji Baffa, murya ƙasa-ƙasa. "Nakan zo in na ga Auta ta fita, don kunya nake ji a gan ni. In zauna, in riƙe masa hannu. Ba abin da nake cewa, me zan ce? Yau na ga iska mai sanyi tana kaɗa shi, na rufe masa taga, na tafi. Shi ke nan abin da na yi. Na rufe wa ɗan'uwana taga."

"Jaririyar fa?"

"Ba ta nan. Tana bayan uwarta. Fitarta ta farko ce, ba ta kulle ƙofa ba."

A asibiti ya tarar da Auta zaune a bakin gado, yarinyar na barci da robar numfashi a hanci. Auta ita ce 'yar Malam ta ƙarshe. Mijinta direban babbar mota ne, ba ya zama, ita kuwa ta ajiye aikinta ta dawo gida jinyar ubanta. Ita ke juya shi, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki. Ba a taɓa jin warin majinyaci a ɗakin nan ba, kuma da wannan take alfahari.

"Kawu," ta ce, sai hawaye. "Magani kawai na je saya. Layi ne ya riƙe ni."

"Gaya min abin da kika yi kafin ki fita, 'yata. Komai ƙanƙantarsa."

"Na goge ɗaki. Na wanke banɗaki. Na shafa wa yarinya hoda, na kwantar da ita a tabarma kusa da Baba, don yana son ya riƙa jin motsinta. Na kulle na tafi."

"Da me kika wanke banɗakin?"

"Bilic, kamar kullum. Amma akwai wani tabo a ƙasa da ya ƙi fita, ya daɗe yana cin raina. Wata ta ce min ruwan batir na cire shi. Na roƙi Mai Batir ya ba ni a kwalba, har yana cewa in yi hankali da hannuna." Fuskarta ta canza. "Ashe raina min hankali yake, yana jiran in fita. Na zuba duka biyun a bokiti da kan tabon, ƙarfinsa har ya sa ni tari, na ja ƙofa na ce ya jiƙa kafin in dawo."

Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin shara. Mai Sawu bai gane komai ba a lokacin.

Ya koma gidan rana ta karkata. Ɗakin Malam ya fi tsakar gida zurfi, sai mutum ya sauka yake shiga. An ɗauke gawar, iska ta ratsa ta tagar da aka fasa, amma har yanzu akwai wani ɗaci da ke kama maƙogwaro. Tsakiyar ɗakin ba abin karantawa, an tattake. Ya kwanta rub da ciki, kunci a siminti, ya bi gefen bango da ido.

Tururuwa ya fara gani, jeri guda, duk a mace. Kyankyasai a kife a ƙarƙashin kujera. Ya ɗaga kai: a saman bango ga tsaka tana yawonta lafiya lau, ga gizo-gizo a saƙarsa. Labulen ƙofar banɗaki shuɗi ne, amma gefen ƙasansa, inda ruwan guga ya jiƙa, ya koɗe ya yi fari-fari. Ya bi matattun ƙwarin a hankali. Daga ƙarƙashin ƙofar banɗaki suka faro, suka bi gangaren simintin, suka tafi kai tsaye inda katifa take.

Wani abu ya bi ta nan a kwance, ba shi da ƙafa, ya kashe na ƙasa ya bar na sama.

Nan ne muryar Malam ta dawo masa, daga filin makaranta, ranar da ya fito da su waje don allo ya gagare su. Ya tara duwatsu goma sha bakwai a tsakiyar fili ya ce, "Ga cibiyar ƙwayar zarrar kulorin, furoton goma sha bakwai." Ya zana da'ira uku a kewaye. Ya tsayar da yara biyu a ta ciki, takwas a ta tsakiya, bakwai a ta waje, ya ce su ne elektaron. Ya nuna gurbin da ya rage. "Takwas yake so a waje, bakwai gare shi. Saura ɗaya. Duk danginsa haka suke, fulorin, buromin, aidin, mayunwata ne. In ya samu ɗayan nan a wurin sodiyam sai ya natsu ya zama gishirin da kuke ci. In bai samu ba, ƙwata zai yi daga duk abin da ya taɓa. Ya ci launin tufa, ya ci ƙarfe, ya ci huhun mutum." Ya sa na da'irar waje su cafke duk wanda ya gifta, aka yi ta dariya, Mai Sawu aka fara cafkewa. Da aka natsu sai Malam ya ɗaure fuska. "Kulorin ɗin nan iska ce, kore-kore mai ratsin rawaya, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi ninki biyu da rabi. Gangare take bi kamar ruwa. A cikin bilic take a ɗaure, ruwan batir ke kwance ta. In kun ji ta, kada ku kwanta, ku nemi sama."

Daƙiƙin aji bai riƙe komai na littafi ba, amma wasan nan ya zauna. Ya buɗe banɗakin yana toshe hanci, ya ga bokitin da kwalbar. Tabon kuwa ya fita tas.

Saura tambayar Sufeto. Ya koma ya kwanta. Gwangwanin hodar yarinyar ya kife a gefen tabarma, hodar ta bazu tana bin bango har ƙarƙashin tebur, inda ƙafa ba ta shiga ba. A cikinta ya karanta: gwiwar hannun hagu, sai jan jiki, gwiwar hannun hagu, sai jan jiki, da doguwar shara ta ƙafar da ba ta motsi. A ƙafar teburin akwai shatin yatsu da hoda, suna hawa. Zanen da aka naɗe yarinyar da shi yana nan kan teburin, ƙullinsa a jiƙe, da shatin haƙora.

Mai Sawu ya daɗe a kwance a wurin. Ya so a ce bai iya aikinsa ba. In ya yi shiru, Mai Batir zai tafi da kisan kai a wuyansa. In ya yi magana, zai ɗora wa Auta kayan da ba ta da ranar saukewa.

Washegari da hantsi Sufeto ya tara su a tsakar gida: Baffa, da Auta da ta dawo don yarinyar ta samu sauƙi an bar ta wurin maƙwabciya, da Mai Batir a ankwa, da mutanen unguwa cike da ƙofa suna leƙe.

"Mutumin nan bai shiga ɗakin ba," in ji Mai Sawu. "A waje ya tsaya ya miƙa hannu. Ba wanda ya maƙure Malam kuma. Yagar wuyansa ta hannun hagu ce, shi ya yi wa kansa, yana neman numfashi."

Aka fara gunaguni. Ya shiga da manyan unguwa cikin ɗakin, ya nuna musu ƙwarin da labulen, ya maimaita musu karatun Malam yadda ya iya. Ya ce iska ce mai guba ta kwanta a ɗakin, taga a rufe, ba ta da mafita. Baffa ya dafa bango da ya ji zancen tagar. Mai Sawu ya so ya tsaya a nan, Allah ya sani ya so.

"To iskar daga ina?" in ji wani daga bakin ƙofa. "Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya haɗa ta?"

"Ni ne," in ji Mai Batir da sauri. "Ruwan batir ɗina ne. Ni na zuba a kwata, ya bi ta ciki."

"Kwatar gidan nan waje take zuwa, ba ciki ba," in ji Mai Sawu a hankali. Bai kalli kowa ba.

Auta ce ta miƙe. Tun da aka ambaci bilic da ruwan batir take kallon hannayenta.

"Ku sake shi," ta ce. "Ni na haɗa. Ni na ja ƙofa. Ni na kulle su a ciki."

Waɗanda suka fi kowa dukan Mai Batir jiya suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ko kallonsa ba sa iya yi. Sufeto ya ciro ɗan makulli ya kwance ankwar. Auta ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba Mai Sawu tsoro ke nan.

"Kawu, ya san ni ce?"

Ya nemi ƙaryar da zai yi mata, bai samu ba.

"Ya sani, 'yata. Ya san warin nan fiye da kowa a garin nan, ya kuma san wa ke wanke masa banɗaki. Zo ki gani."

Ya kai ta bakin tabarmar, ya durƙusa, ya nuna mata hodar.

"Ga katifarsa, ga ƙofar fita kusa da kansa. Da ya miƙa hannu ya yi ta bugu, wataƙila wani ya ji, kuma ta ƙarƙashin ƙofar akwai iska mai kyau. Bai je can ba. Nan ya juyo. Ya ƙulle zanen da hannu ɗaya, ya ciji ƙullin, ya ja jiki da gwiwar hannu har gindin tebur. Ga yatsunsa nan a ƙafar teburin. Yadda ya yi ya ɗaga ta, ni dai ban sani ba, na yi ta gwadawa da hannu ɗaya na kasa. Amma ya ɗora ta, ya tura ta can jikin taga, inda ya fi ko'ina tsawo. Daga nan ƙarfinsa ya ƙare."

Auta ta durƙusa. Ta bi layin da ido tun daga tabarma, gwiwar hannu bayan gwiwar hannu, har ƙarƙashin teburin. Ta ɗauki zanen ta taɓa shatin haƙoran. A nan ne kukan ya zo mata, irin wanda ba ya fita da sauti, sai jiki ya yi ta girgiza. Baffa ya jefar da sandarsa ya zauna a ƙasa kusa da ita yana cewa, "Tare muka yi, 'yata, ni na rufe tagar, tare muka yi." Ba ta ji shi ba.

Can wata dattijuwa cikin maƙwabta ta shigo da tsintsiya, don masu gaisuwa sun fara taruwa kuma ɗakin ya yi kaca-kaca. Ta nufi wajen teburin.

Auta ta riƙe tsintsiyar da hannu biyu.

"Inna, don Allah," ta ce, "kada ki share nan."